Hali Zanen Dutse Ne? Jagorar Almajiranci ta Wata Uku

A ajin baftisma da nake koyarwa a majami'armu akwai tambayar da ba ta fashi. Kowace shekara sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, na karɓi Yesu, ba na fashin sujada, ina fitar da zakka, amma zafin zuciyar nan nawa yana nan yadda yake. Ko dai haka Allah ya yi ni?" Kafin in buɗe baki wani daga bencin baya zai jefo, "Ai hali zanen dutse ne." A kwashe da dariya, mai tambaya ya zauna, amma da ka dubi fuskarsa ka san abin yana cinsa.

Karin maganar tana da gaskiyarta. Duk mun san dattijon da ya shekara 40 a ikilisiya, rowarsa ta jiya ita ce ta yau. Sai dai annabi Ezekiyel ya zo da wata magana a sura 36 aya 26, inda Allah ya yi alkawarin cire zuciyar dutse ya sa ta nama. Dutsen da aka yi zanen a kansa, shi kansa za a ɗauke. Wannan aikin Allah ne, ba mai yi wa kansa. Amma Bulus ya haɗa abu biyu a numfashi ɗaya a Filibiyawa 2:12-13: ku yi ta aikin cetonku da tsoro da rawar jiki, gama Allah ne ke aiki a cikinku. Jagorar nan a kan namu rabon aikin take. Na tsara ta don wata uku, kuma ba ta buƙatar komai sai Littafi Mai Tsarki, ɗan littafin rubutu, da mutum ɗaya da zai riƙa tambayarka.

Kafin mu fara, dubi sunan da aka ba mu. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932 bayan dogon aikin Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, ya kira Bitrus da Yakubu da Yohanna almajirai. A ƙasar Hausa ba sai an yi wa kowa fashin baƙin wannan kalma ba. Almajiri ya baro gida ya tare wurin malaminsa. Yana ɗaukar karatu, yana kuma ganin yadda malam ke karɓar baƙo da yadda yake yi in an ɓata masa rai. Markus 3:14 ya ce Yesu ya zaɓi sha biyun domin su kasance tare da shi, sa'an nan ya aike su. Zama ya riga aike. Mu kuwa yawancinmu mun mai da abin ziyara: awa uku ranar Lahadi, sai kuma wani makon.

Mataki na farko: kama abu ɗaya

Ka keɓe awa guda a ranar da ba ka da gaggawa. Karanta Markus 7:21-23, inda Yesu ya jera abubuwan da ke fitowa daga zuciya su ƙazantar da mutum: fasikanci, sata, kwaɗayi, yaudara, hassada, ɓata suna, girman kai da sauransu. Sai ka buɗe Galatiyawa 5:22-23 ka ga 'ya'yan Ruhu guda tara. Ka roƙi Allah ya bincike ka, kamar yadda aka roƙa a ƙarshen Zabura 139. Daga nan ka rubuta abu ɗaya tak da ka san yana ɓata maka tafiya.

Ɗaya na ce. Wanda ya rubuta goma, kafin mako ya zagayo ya watsar da duka. Kuma ka kira abin da sunansa. "Ina da rauni" ba suna ba ne. "Ina yi wa matata tsawa a gaban yara" suna ne. Haka "ina ƙara kuɗi a rasit in oga ya aike ni sayayya," ko "ba na iya jin sirrin wata in riƙe." In ka rasa na zaɓa, tambayi matarka, ke kuma 'yar'uwa ki tambayi maigidanki ko ƙawar da ba ta shakkarki. Amsa ba za ta yi nisa ba. Ka ce "na gode" ka ja bakinka ka yi shiru, ko da cikinka na tafasa.

Mataki na biyu: lokaci, wuri, da Bisharar Markus

Markus 1:35 ya nuna Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa don ya yi addu'a. Ni dai kiran sallar asuba na masallacin unguwarmu ne agogona, ba na kuwa jin kunyar faɗa. In maƙwabcina zai bar bargo cikin hunturu ya yi alwala da ruwan sanyi, ban ga hujjar da nake da ita ta yin juyi a kan gado ba. Amma asuba ba doka ba ce. Mai goyo na iya samun sarari bayan yara sun tafi makaranta, mai aikin dare a asibiti bayan ya ɗan runtsa. Abin da ake so shi ne lokaci ɗaya, wuri ɗaya, kullum, minti 20. In a waya kake karatu, kashe data tukuna. Na sha buɗe waya da niyyar Zabura in tsinci kaina a Facebook.

Fara da Markus. Ita ce mafi gajarta cikin Bisharu huɗu, sura 16, kuma ba ta da dogon kewaye. Ranar farko, ko wata Asabar, ka karance ta gaba ɗaya a zama guda. Ba za ta wuce awa biyu ba ko da a fili kake karantawa. Daga nan ka koma farko ka riƙa ɗaukar labari ɗaya kowace rana, wanda zai kai ka kusan wata uku. Juyin da kake ganewa shi za ka riƙe, ko tsohon na 1932 da dattawa suka haddace, ko na 1979, ko wani sabo. Wanda bai iya karatu ba ya saurari wanda aka naɗa a waya, ko ya sa ɗansa ya karanta masa. Yaron ma ya samu rabo.

Karanta labarin sau biyu, na biyun a fili. Sai ka amsa tambaya uku a littafinka. Me wannan ya nuna mini game da Yesu? Wane ne ni a cikin labarin nan, kuturun ne, ko Bafarisin da ke tsaye yana neman laifi? Me zan yi yau kafin rana ta faɗi? Ta ukun ita ce mai wuya, ita ce kuma aka fi tsallakewa. Layi ɗaya ya isa, amma ya zama abin da za a iya gani: "Zan kira ƙanena da muka yi wata biyar ba ma magana."

Mataki na uku: addu'a

Ba zan ja wannan ba. Ka ɗauki Addu'ar Ubangiji, Matiyu 6:9-13, ka riƙa tsayawa a kowace gaɓa kana cika ta da maganarka. A kan abincin yini ka faɗi kuɗin makaranta da kuɗin haya ba kunya. A kan gafara ka ambaci laifinka na jiya da sunan wanda ya yi maka. A kan jaraba ka ambaci abu ɗayan nan da ka rubuta, har da lokacin da yakan kama ka. Lura da tsarin: sunan Allah da mulkinsa da nufinsa suka zo kafin buƙatunmu. Addu'o'in da suka cika dare a garuruwanmu yanzu rabinsu kiran wuta ne a kan maƙiya. Wanda ya shekara yana irin wannan addu'a, a ganina, zai ƙware wajen gano maƙiya, zuciyarsa kuwa tana nan inda ya bar ta.

Mataki na huɗu: fita iska

Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga yadda ake yi. Marini yakan tsoma ƙyalle cikin ruwan baba, ya ɗago, ya bari iska ta buge shi, ya sake tsomawa. Da farko ƙyallen kan fito da launi kore-kore. Iska ce ke mai da shi shuɗi. In ana son shuɗi mai duhu, sai an yi ta tsomawa ana ɗagowa. Karatun safe shi ne tsomawa. Kasuwa da ofis da tsakar gida su ne iskar. Yakubu 1:22-24 ya kwatanta mai ji ba ya aikatawa da wanda ya duba madubi ya tafi ya manta kamanninsa.

A nan aminci yake zama abin taɓawa. Luka 16:10 ya ce mai aminci a ƙaramin abu mai aminci ne a babba. Mukan so jin labarin aminci a gaban takobi, amma yawancinmu a bakin mudu za a gwada mu. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana ajiye ma'auni biyu, babba da ƙarami, Karin Magana 11:1 kuma ya ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. In kina sayar da hatsi, mudun da aka buga wa gindi ya shige ciki ki fitar da shi daga rumfa yau, wanda kike saye da shi ya zama wanda kike sayarwa da shi. Ma'aikacin gwamnati da ya iso ƙarfe goma ya rubuta ƙarfe goma a rajista, ko da duk na gabansa sun rubuta takwas. Tela, in ka san ɗinkin ba zai yiwu kafin Kirsimeti ba, ka faɗa tun ranar da aka kawo yadi. "Gobe, gobe" na mako uku ƙarya ce, ko da kana waƙa a ƙungiyar mawaƙa. Uwar adashi ta ba mai kwasa ranar kwasarta. Ma'ajin Zumuntar Mata ko na matasa kada ya ƙirga baiko shi kaɗai, kada kuma ya ara da niyyar mayarwa ƙarshen wata, domin daga nan yawancin abin kunya ke farawa.

Sai baki. Magana zarar bunu ce, kuma yanzu babban yatsa ma baki ne. Kafin ka tura saƙon WhatsApp da ke cewa an kai hari a wuri kaza, ko fasto wane ya yi kaza, tambayi kanka ko ka tabbatar. In ba ka tabbatar ba, ya mutu a wayarka. Akwai kuma gulmar da muke sa wa rigar addu'a: "Mu tuna da 'yar'uwa wance, kun san abin da ya faru a gidanta..." Wannan ma a bari.

Game da abu ɗayan da ka rubuta, Afisawa 4:28 ta ba da dabara. Bulus bai tsaya ga cewa ɓarawo ya daina sata ba, ya ce ya yi aiki da hannunsa har ya samu abin ba mabukaci. Mugun hali ba ya barin gurbi a buɗe, sai an dasa wani a wurin. Mai tsawa ya sa wa kansa cewa in ransa ya ɓaci zai fita ƙofar gida ya dawo kafin ya yi magana, kuma kowace rana zai yaba wa matarsa abu ɗaya a gaban yaran nan da suka saba jin tsawar. Mai rowa ya ware abin da zai bayar ranar da albashi ya shigo, tun kuɗin bai saba da aljihu ba. Wanda batsar waya ta kama, wayar ta kwana a falo, shi a ɗaki.

Mataki na biyar: lissafin dare

Minti biyar kafin barci. Ka gode wa Allah don abu biyu ko uku na ranar, ka duba layin da ka rubuta da safe ko ka cika, ka faɗi inda ka faɗi. Ka faɗa kai tsaye, ban da "in na yi laifi." 1 Yohanna 1:9 ta ce in mun furta zunubanmu shi mai aminci ne, zai gafarta ya kuma tsarkake. Ka karɓi wannan ka kwanta. Akwai baƙin cikin da ke kai mutum ga tuba, akwai wanda ke kashewa, in ji 2 Korintiyawa 7:10. Bitrus da Yahuza duk sun yi nadama a lokaci guda. Ɗaya ya koma cikin 'yan'uwa, ɗaya ya tafi shi kaɗai. In kuma akwai wanda kuka saɓa a cikin gida, Afisawa 4:26 ta ce kada rana ta faɗi kana cikin fushi. In matarka ce, ka taɓa ta ka ce, "Ki yi haƙuri, na yi kuskure," ba tare da ka ƙara "amma ke ma" ba.

Mataki na shida: mayar da haƙƙi

Wannan ya zo a wata na biyu, kuma a nan mutane da yawa ke ja da baya. Zakka, gajeren mai karɓar harajin nan na Yariko, da Yesu ya shiga gidansa bai ce a yi masa addu'a kawai ba. Ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Bayan wannan ne Yesu ya ce ceto ya sauka a gidan, kamar yadda yake a Luka 19. Matiyu 5:23-24 ma ya ce ka bar baikonka a gaban bagade ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna.

Ni ma na sha wannan maganin. Wata shekara da albashi ya yi wata da watanni bai zo ba, na karɓi buhun masara bashi wurin wani dattijo mai hatsi. Muka tashi daga unguwar, na yi kamar na manta. Shekara shida ina koya wa mutane gaskiya, in na bi ta layinsa a kasuwa sai in sauya hanya. Ranar da na je, na durƙusa na ce, "Alhaji, na zo da nauyi ne." Ya daɗe yana dubana kafin ya gane ni. Ya ce, "Malam, ai na cire rai tuntuni." Na ba shi kuɗin buhu a farashin ranar, ba na shekara shida da suka wuce ba. Ya ƙirga, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Na fito ƙafafuna na rawa, amma tun daga ranar na daina tsallake wasu ayoyi in ina koyarwa.

Ga yadda za ka yi. Rubuta sunayen duk waɗanda ke binka: kuɗi, kayan aro, gona ko fili, sunan da ka ɓata. Fara da mafi sauƙi don ka samu ƙarfin gwiwa. Je da ƙafarka, kada ka aika. In ba ka da duka, tafi da abin da ke hannunka ka faɗi ranar cikon, ka kuwa cika. In mai haƙƙin ya rasu, magadansa na nan. In suna ka ɓata, ka gyara a gaban waɗanda ka ɓata shi. Amma akwai inda ake taka-tsantsan. In furcinka zai rushe auren wani, ko ya jefa wani cikin haɗari, ko kuɗin hukuma ne da shari'a za ta shigo, kada ka yi gaban kanka. Zauna da fasto ko dattijo mai hankali ku duba hanyar da ta dace.

Mataki na bakwai: abokin tafiya

Tun makon farko ya kamata ka fara nemansa. Namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace, kamar yadda Titus 2:3-5 ta ɗora wa manyan mata koyar da ƙanana. Ya zama wanda ya riga ka a bangaskiya, mai riƙe sirri, wanda ba ya cin abinci a hannunka, don wanda kake ciyarwa da wuya ya gaya maka gaskiya. Ba dole sai fasto ba. Fasto ɗaya ba zai iya wa mutum 300 ba. Ka same shi ka ce, "Baba, ina so in riƙa zuwa wurinka sau ɗaya a mako na wata uku, ka riƙa tambayata." Ka nuna masa takardarka.

Rabin awa ya isa. Ya tambaye ka me ka karanta, me ka aikata, ina ka faɗi, sai ku yi addu'a, bisa ga Yakubu 5:16. Zumuntar Mata, ƙungiyar Sabon Rai, Birged, FCS ta ɗalibai Kirista, duk suna da amfani, kada ka bar su. Sai dai mutum na iya sa anko ya yi rawa a kowane taro shekara goma ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda yake da matarsa.

Mataki na takwas: gafara

Na ajiye shi baya don ya fi kowanne nauyi, kuma a arewa ba maganar littafi ba ce. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, wadda ta fara da sujada a gindin tsamiya a Garkiɗa a 1923, ikilisiya ce da aka san ta da koyarwar salama. A 2014 aka sace 'yan mata 276 a Chibok, yawancinsu 'ya'yan wannan ikilisiya, a shekarar kuma mayaƙan Boko Haram suka mamaye hedkwatarta a Kwarhi. Ba ta sauya koyarwarta ba. Wanda ya binne nasa a Borno, ko Jos, ko kudancin Kaduna, ba na gaya masa gafara abu ne mai sauƙi, ba kuma na sa masa rana.

Abin da na sani shi ne tana da hanya. Ka faɗa wa Allah abin da aka yi maka yadda yake, ba ragi; Zabura cike take da irin wannan kuka. Sa'an nan ka miƙa masa ramuwa, domin Romawa 12:19 ta ce tasa ce. Sai ka fara yi wa mutumin addu'a da sunansa, bisa ga Matiyu 5:44. Ranar farko bakinka zai yi nauyi, wataƙila "Ubangiji, ga wane" kawai za ka iya. Ya isa. Gobe zafin zai dawo, ka sake miƙawa. Ina ganin bakwai sau saba'in ɗin da Yesu ya gaya wa Bitrus a Matiyu 18 har da laifi ɗaya da ake yafewa sau da yawa.

Gafara ba ta hana kai ƙara wurin hukuma. Ba ta kuma nufin matar da ake duka ta koma ɗakin da za a kashe ta, ko ka sake ba wanda ya cinye kuɗin ikilisiya makullin akwati. Yarda aba ce da ake ginawa sannu a hankali.

Ka kuma duba ƙiyayyar da ka gada ba tare da an yi maka komai ba. Tun rikicin 2000 Kaduna ta rabu, kowa ya koma ɓangaren nasa, yara da yawa sun tashi ba su taɓa cin tuwon maƙwabcin da ba addininsu ɗaya ba. Romawa 12:18 ta ce iyakar iyawarka ka zauna lafiya da kowa. Zumunta a ƙafa take: je ta'aziyya, je barka da Sallah, aika da abincin Kirsimeti.

In rani ya shigo

Zai shigo, galibi wajen mako na huɗu ko na biyar. Karatu zai zama kamar tauna ƙaiƙayi, addu'a kamar ba ta wuce rufin kwano. Kada ka ƙara komai, kada ka rage. Ci gaba da minti 20 ɗinka. Markus 4:26-29 ya ba da misalin manomin da ya yafa iri yana kwana yana tashi, irin na tsirowa bai san ta yaya ba. Ba manomin da ke tone shuka kowace safiya don ya ga ko ta yi saiwa.

Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a 1893 da niyyar kawo bishara cikin ƙasar nan. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, daga baya Bingham ya koma gida. Sai a yunƙuri na uku aka kafa tasha a Fategi a 1902. Daga wannan aikin na ƙungiyar mishan ta SIM ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Gowans da Kent ba su ga ko majami'a ɗaya daga aikin ba.

In ka yi fashin kwana uku, kada ka ce sai ka rama. Ɗauka daga inda ka tsaya. In ka koma wa tsohon halin, ka gaya wa abokin tafiyarka a ranar, kada ka jira ranar haɗuwa, don ɓoyewa ta fi faɗuwar lahani. Yohanna Markus, wanda tun zamanin ikilisiyar farko ake danganta Bisharar da kake karantawa da shi, ya gudu ya bar Bulus da Barnaba a Bamfiliya, har suka rabu a kansa a Ayyukan Manzanni 15. A 2 Timoti 4:11 Bulus ɗin nan ne ke cewa a zo masa da Markus, yana da amfani a gare shi.

Bayan wata uku

Ɗauko takardar farko. Koma wurin wanda ka tambaya tun farko, matarka ko ƙawarki, ka ce, "Kin ga wani bambanci?" Nasu idon ya fi naka gani. In an ce da sauƙi, ka gode wa Allah ka kama abu na biyu. In an ce da saura, ka ƙara wata uku a kan na farkon. Wasu halayen sun shekara 30 suna kafuwa. Karatu kuma ka wuce zuwa Yakubu, sura biyar ce, sa'an nan Bisharar Yohanna.

Sai ka ɗauki wani. A 2 Timoti 2:2 akwai hawa huɗu: Bulus, Timoti, amintattun mutane, da waɗanda su kuma za su koya wa. Ba sai ka je makarantar Baibul ba. Duba cikin waɗanda aka yi wa baftisma bana, wanda ke zama a baya ya fice da an ce amin. Gayyace shi gida ranar Asabar da yamma, a dafa shayi. Kada ka yi masa wa'azi. Nuna masa littafinka na rubutu, har da shafukan da ka yi fashi, ku buɗe Markus sura 1 ku karanta aya 16 zuwa 20 tare, ku sa ranar haɗuwa ta gaba kafin ya tashi.